JIJIYAR WUYAN BABA: SHIN DUK AIKIN DA LIKITA ZAI IYA YI YA WAJABA A KANMU?



Kwanakin baya, bayan mun tashi daga karatun tsakanin Magariba da Isha'i, wani bawan Allah ya zauna yana jira har kowa ya watse. Magidanci ne, ɗan kasuwa, mai rufin asiri. Ya matso ya ce, "Allah gafarta Malam, ina da tambaya, amma ba ta cikin jama'a ba ce."

Na ce, "Bismillah, Alhaji."

Ya ce mahaifinsu yana da shekara 83. Sun kai shi Alƙahira saboda yanar ido da ciwon suga, ƙannensa biyu suna can tare da shi. Wajen awo sai wani likita ya ɗora abin sauraro a wuyansa, ya ji wata ƙara, ya sa aka yi hoto. Hoton ya nuna ɗaya daga cikin manyan jijiyoyin wuya ta tsuke sosai. Likitan ya ce ana iya sa masa wata 'yar ragar ƙarfe a ciki ta buɗe hanyar. Suka je wajen likita na biyu, shi kuma ya daɗe yana kallon tsohon, ya sa shi ya tashi ya taka, ya ce ya matse masa hannu, sannan ya ce in da mahaifinsa ne, magani zai ba shi ya mayar da shi gida.

Gida ya rabu biyu. Wasu suna cewa a yi, ko fili ne a sayar. Wasu suna cewa a bar shi ya huta. Alhajin ya ce, "Malam, ni ne babba. In muka ƙi yi, gobe ɓarin jikinsa ya shanye, me zan gaya wa Allah? Kuma me mutane za su ce? A ce muna da hali muka bar ubanmu?"

Ban ba shi amsa a daren ba. Na ce ya ba ni kwana biyu. Malamin da zai yi fatawa a kan abin da bai san siffarsa ba, ya zalunci mai tambaya. Akwai wani likita da yake zuwa karatunmu, na zaunar da shi na ce yau ni ne ɗalibi. Abin da na fahimta daga gare shi, da abin da na bi na karanta, shi zan fara kawo muku kafin mu zo kan hukunci.

MENE NE CIWON, MENE NE AIKIN?

Kowannenmu yana da manyan jijiyoyi biyu a wuya, dama da hagu, su ne suke kai mafi yawan jinin da ƙwaƙwalwa take rayuwa da shi. Ka ɗora yatsa a gefen maƙogwaronka, wannan bugun da kake ji su ne. Da tafiyar shekaru, musamman ga mai hawan jini, mai suga, mai yawan kitse a jini ko mai shan taba, wani maiƙo yana taruwa a bangon jijiyar ya daskare, kamar yadda tsohon bututun ruwa yake cushewa. Babban haɗarin shi ne wani ɓarɓashi ko gudan jini ya ɓalle daga wurin, jini ya kwashe shi ya kai ƙwaƙwalwa, ya toshe wata ƙaramar hanya. Shi ke nan, sai shanyewar ɓarin jiki.

Hanya uku ake bi. Ta farko magani: na hawan jini, na rage kitse, na hana jini daskarewa irin su asfirin, da kula da suga, da barin taba. Ta biyu tiyata: a tsaga wuya, a buɗe jijiyar, a kankare maiƙon, a ɗinke. Wannan aiki tun shekarun 1950 ake yin sa. Ta uku ita ce ragar da ake magana, wadda likitoci suke kira sitent. Yawanci ba a tsaga wuya. Ana huda jijiyar cinya daga matsematsi, a zura siririn bututu, a bi da shi ta cikin babbar jijiyar da ta fito daga zuciya har a kai wuya. A can sai a buɗe wata 'yar rariya don ta tare ɓarɓashi, a hura ɗan balan-balan, a saki ragar ta tokare bangon jijiyar.

Duk wanda ya ji wannan bayani zai ce ai ragar ita ce daidai da tsoho, tunda babu yanka, kuma galibi ba a sa mutum barci. Ni ma haka na ce wa likitan. Ya yi murmushi ya ce, "Malam, nan ne mutane da yawa suke kuskure."

A shekarar 2010 aka fitar da sakamakon wani babban bincike da aka yi a Amurka da Kanada, mai suna CREST, a kan marasa lafiya 2,502. An raba su biyu, wasu raga, wasu tiyata. A kwanakin da suka biyo bayan aikin, kimanin 4 cikin 100 na masu raga sun samu shanyewa, masu tiyata kuwa kimanin 2 cikin 100. Ta ɓangaren bugun zuciya abin ya juya, masu tiyata suka fi. Amma abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne maganar shekaru: waɗanda ba su kai 70 ba sun fi dacewa da raga, waɗanda suka haura 70 kuwa sakamakonsu ya fi kyau da tiyata. Dalili kuwa, hanyar da bututun yake bi a jikin tsoho ta riga ta ƙandare, ta yi lanƙwashe-lanƙwashe, bangonta cike da ɓarɓashi. Bututun da aka aika ya hana shanyewa, shi da kansa yana iya karce wani abu a hanya ya aika shi ƙwaƙwalwa.

Ba a nan ya tsaya ba. Rinin da ake zubawa a jini don a ga jijiya a hoto yana wahalar da ƙodar da dama ta gaji. Wajen buɗe ragar bugun zuciya yana iya yin ƙasa, awon jini ya faɗi. Bayan aiki kuma dole a haɗa wa mutum magungunan tsinka jini iri biyu na makonni, to tsohon da yake yawan faɗuwa a banɗaki fa? Faɗuwa ɗaya ya bugi kai, ana iya samun zubar jini a ciki.

SHEKARU DABAN, RAUNI DABAN

Kada wani ya ɗauka maganar ita ce duk wanda ya tsufa a ƙyale shi. A'a. Abin da likitoci suke aunawa yanzu ya wuce lissafin shekaru. Suna auna abin da zan kira raunin jiki, wato ƙarewar ajiyar ƙarfi.

Ka ɗauki rumbu biyu a gida ɗaya, rana ɗaya aka gina su, daga waje kamanninsu ɗaya. Ɗaya cike yake da gero, ɗaya saura dami biyu. Muddin damina tana kyau ba ka gane bambanci. Ranar da fari ya zo, ranar ake sanin wane ne wane. Tiyata fari ce ga jiki. Mai ajiya yana ɗauka ya miƙe. Wanda rumbunsa ya yi ƙasa, ƙaramin abu sai ya kwantar da shi, daga kwanciya sai ciwon huhu, sai ruɗewa, sai gyambon kwanciya, sai ka ga wanda ya shiga asibiti da ƙafarsa ya fito a keken guragu, ko da jijiyar ta buɗe tas a hoto.

A shekarar 2001 wata likita Ba'amurkiya, Linda Fried, da abokan aikinta suka fitar da alamomi biyar na wannan rauni, bayan bin diddigin tsofaffi sama da 5,000 masu shekara 65 zuwa sama. Ramewa ba da niyya ba, kamar kilo huɗu da rabi a shekara. Yawan jin gajiya. Raunin damƙar hannu. Tafiya a hankali. Raguwar zirga-zirga. Wanda ya haɗa uku daga ciki, ya shiga sahun masu rauni. A 2005 kuma Kenneth Rockwood a Kanada ya fitar da wani ma'auni da likita zai duba yadda mutum yake gudanar da rayuwarsa ta yau da kullum ya ajiye shi a mataki, daga mai cikakken ƙarfi har zuwa wanda komai sai an yi masa. Bincike da dama a kan aikin jijiyar wuya sun nuna abu ɗaya: masu rauni sun fi samun matsala bayan aiki, sun fi daɗewa a gadon asibiti, sun fi kasa komawa rayuwarsu ta da, kuma mutuwa ta fi yawa a cikinsu.

Da likitan ya gama lissafa min alamomin nan, sai na ce ai mu a gida mun riga ku sani, suna ne ba mu sa masa ba. Ka ga agogon Baba ya fara yi masa yawa a hannu, riga ta koma kamar ta aro. Butar alwala in an cika ta sai ya kama da hannu biyu. Yana fita da kiran salla amma sai a raka'ar ƙarshe yake isa sahu. Ka ba shi hannu ku gaisa, damƙar nan da ka sani tun kana yaro babu ita. Majalisar ƙofar gida da ba ya fashi, yanzu sai ya ce a gaishe su. Waɗannan su ne.

Na tambayi Alhaji a kan mahaifinsu. Ya ce a zaune yake salla shekara biyu ke nan, sai an riƙe shi zuwa banɗaki, ya rame, ƙodarsa ma likita ya ce ta yi rauni. Na ce, "Ya taɓa samun wata alama? Hannu ya mutu, baki ya karkace, magana ta sarƙe, ko ido ɗaya ya rufe na ɗan lokaci?" Ya ce ko sau ɗaya.

Wannan tambayar ita ce ƙashin bayan al'amarin. Wanda jijiyarsa ta riga ta yi gargaɗi, haɗarinsa a kusa yake, kuma amfanin aiki a wurinsa babba ne. Wani bincike da aka fitar a 1991 ya nuna masu alama da tsukewa mai tsanani, tiyata ta rage musu shanyewa a cikin shekara biyu daga 26 cikin 100 zuwa 9. Wanda kuwa ba shi da alama, lissafinsa daban. A wani binciken da aka jagoranta daga Ingila aka fitar a 2004, tiyata ta rage haɗarin shekara biyar daga kimanin 12 cikin 100 zuwa kimanin 6, kuma a waɗanda ba su kai shekara 75 ba aka tabbatar da hakan. Ka lura da kyau: haɗarin aikin a yau ake biyan sa, lakadan. Ribar kuwa a hankali take zuwa, shekara bayan shekara. Shi ya sa ƙa'idojin likitoci suke cewa kada a yi wa marar alama wannan aiki sai in ana kyautata zaton yana da shekara uku zuwa biyar a gaba, kuma sai a hannun da haɗarin shanyewa ko mutuwa a aikinsu bai kai 3 cikin 100 ba.

Na san wani zai ce, "Wa ya san gawar fari? Likita ne zai faɗi kwanan mutum?" Gaskiya ne, ajali na Allah ne. Amma manomi ma bai san ko zai ga kaka ba, duk da haka ba ya shuka gero a watan da ruwa yake ɗaukewa ya ce ai Allah ne mai ruwa. Aiki da galibin zato a kan abin da Allah Ya saba gudanarwa ba da'awar sanin gaibu ba ne.

TO MENE NE HUKUNCI?

Da yawanmu mun ɗauka neman magani hukunci ɗaya gare shi: wajibi, a kowane hali, da kowane irin aiki. Malamai ba su ce haka ba. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na bakwai a Jidda a shekarar 1992, ta yi bayani cewa hukuncin yana sauyawa da halin mutum. Yana zama wajibi idan barinsa zai kai ga halaka, ko rasa wata gaɓa, ko nakasa, ko cutar mai yaɗuwa ce. Yana zama abin so idan barinsa rauni kawai zai jawo. Yana zama halas in babu wannan babu wancan. Yana kuma zama makaruhi idan aikin da za a yi ana tsoron ya haifar da abin da ya fi cutar muni. Wannan na ƙarshen shi ne Bahaushe yake cewa garin neman gira a rasa ido. Kuma ƙa'ida ce sananniya a fiƙihu cewa ba a gusar da cuta da cutar da ta kai ta ko ta fi ta.

Sannan a lura, tsohon nan ba tsakanin magani da rashin magani aka ba shi zaɓi ba. Tsakanin magani da magani ne. Wanda ya riƙe ƙwayoyinsa na hawan jini da na kitse da asfirin a kan lokaci, yana cikin masu neman magani, kuma magungunan yau sun fi na lokacin da aka yi waɗancan binciken ƙarfi. Ba a ce masa ya bar sababi ba. Mu ne dai idonmu ya fi ganin sababin da yake da jirgin sama da dala a ciki.

Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Usama ɗan Sharik cewa wasu mutanen ƙauye sun tambayi Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ko su nemi magani. Ya umarce su da nema, ya sanar da su kowace cuta tana da maganinta, ya cire abu ɗaya: tsufa. Hadisi ɗaya ya haɗa mana abu biyu. Ya hana mu zaman dirshan da sunan tawakkali, ya kuma gaya mana akwai iyakar da magani ba ya tsallakewa. Aya ta 54 a Suratur Rum ma ta kasa rayuwar ɗan Adam kashi uku, kuma na ƙarshen komawa ne ga rauni da furfura. Raga tana buɗe jijiya. Ba ta mayar da gero cikin rumbu.

TAMBAYAR DA BA A YI BA

Da Alhaji ya dawo bayan kwana biyu na yi masa wannan bayani, sai na ce, "Alhaji, shi Baban me ya ce?"

Ya yi shiru. Can ya ce, "Ai ba mu gaya masa ba, Malam. Kada hankalinsa ya tashi."

"Hankalinsa lafiya?"

"Ƙalau. Har lissafin gonakinsa shi yake yi."

Na ce subhanallah. Mutum yana lissafin gonakinsa, amma wuyansa an fi ƙarfin a yi shawara da shi? Kun yi taro a waya, na Kano ya yi magana, na Abuja ya yi, har suruki an ji ra'ayinsa, mai wuyan ne kaɗai ba a tambaya ba.

'Yan uwa, wannan ɗabi'a ta yi mana yawa. Da tsoho ya kwanta sai mu mayar da shi yaro. Likita yana magana da mu ta saman kansa, mu sa hannu a takarda, mu ce masa "Baba, ɗan gwaji ne kawai." Muna kiran wannan tausayi. Alhali shari'a ta ba wa mai hankali haƙƙin jikinsa, kuma wancan zama na Jidda ya shardanta izinin marar lafiya matuƙar hankalinsa cikakke ne. Waliyyi yana shigowa ne in hankali ya gushe, kuma ko a nan maslahar marar lafiyar zai duba, ba tasa ba.

Ku tuna abin da Nana A'isha ta ba da labari, yana cikin Bukhari da Muslim. A rashin lafiyar Annabi ta ƙarshe, iyalinsa suka ɗura masa magani ta gefen baki, yana yi musu nuni kada su yi. Suka ɗauka ƙin magani ne irin na marar lafiya. Da ya farfaɗo sai ya yi umarni duk wanda yake wurin a ɗura masa irin maganin, ban da baffansa Abbas da bai halarta ba. Su fa don ƙauna suka yi, babu wanda yake shakka. Amma ƙaunar ba ta sa an ɗauke musu ba.

Ku tuna kuma matar nan mai farfaɗiya da Ibnu Abbas ya nuna wa Aɗa'u. Ta zo neman addu'a, aka ba ta zaɓi tsakanin addu'ar waraka da haƙuri mai sakamakon Aljanna. Ita aka bar wa zaɓin. Ta zaɓi haƙuri, sannan ta roƙi abu ɗaya, a yi mata addu'a kada jikinta ya riƙa buɗewa in ciwon ya tashi. Abin da ya fi damunta sutura ce. Wa zai san haka in ba a bar ta ta yi magana ba? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wani tsohon abin da yake tsoro shanyewa ce, ya gwammace ya ɗauki haɗarin aiki. Wani abin da yake tsoro shi ne ya cika a ƙasar da ba ya jin harshensu, nesa da masallacinsa da maƙabartar iyayensa. Duka biyun suna da haƙƙi.

Ba daga kan mumbari nake wannan magana ba. Ni ma na tsaya inda Alhajin nan ya tsaya. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ciwonsa daban ne, amma a watanninsa na ƙarshe na yi ta yawo da shi daga wannan asibiti zuwa wancan. Sau uku yana ce min, "Ka kai ni gida." Ni kuma ina cewa, "Baba, saura gwaji ɗaya." A gadon asibiti ya cika, da dare, ba na ma ɗakin. Likitocin ba su yi laifi ba, abin da na nema suka yi. Na daɗe ina gaya wa kaina biyayya na yi. Sai daga baya na yarda cewa rabin abin tsoro ne: tsoron rabuwa da shi, da tsoron a ce Malam guda ya kasa kula da ubansa. Ina roƙon Allah Ya yafe min.

Shi ya sa na ce wa Alhaji, "Tambaya biyu ka yi min a daren nan. Me za ka gaya wa Allah, da me mutane za su ce. Ta farkon ka riƙe ta. Ta biyun ka jefar, domin ba wuyan mutane za a huda ba."

ƊAYA GEFEN

Kada kuma marowaci ya karanta wannan ya samu hujja. Akwai zalunci na biyu, kuma a garuruwanmu ya fi na farko yawa. Tsoho mai ƙarfinsa, yana hawa keke zuwa gona, yana azumin Litinin da Alhamis, wata safiya kofin shayi ya suɓuce daga hannunsa, magana ta sarƙe minti goma, sannan ya ware. Sai 'ya'ya su ce, "Ai tsufa ne," ko "iska ce ta buge shi," a shafa masa man zafi a ci gaba da harka. Wallahi wannan gargaɗi ne, kuma kwanakin farko bayansa su ne mafi haɗari. Likitoci suna son in za a yi aiki a yi shi cikin mako biyu. Irin wannan tsoho ko ya kai 80, rumbunsa cike yake, aiki yana iya tsare masa shekaru na lafiya. A kai shi asibiti a ranar. Wanda ya hana shi don kuɗi ya fake da tawakkali, ya san wanda yake yaudara.

Ma'auni ɗaya ne a gefen biyu. A dubi mutumin da yake kwance, ƙarfinsa, alamominsa, da abin da shi yake so. Wancan an yi masa aikin da jikinsa ba zai ɗauka ba don a fita kunyar mutane, wannan an hana shi aikin da zai amfane shi don an ƙirga shekarunsa. Duka ba a kalle shi ba.

ABIN DA ZA KU TAMBAYI LIKITA

In Allah Ya jarrabe ku da irin wannan, ga tambayoyin da likitan nan ya ce yana jin daɗi in iyali suka yi masa.

1. Tsukewar nan ta taɓa ba da alama, ko wajen awo aka gan ta?

2. In aka tsaya a magani kaɗai, mene ne haɗarinsa a shekara?

3. Mai irin ƙarfin jikinsa, ba mai irin shekarunsa kawai ba, mene ne haɗarin aikin a kansa? Kun auna rauninsa?

4. Me ya sa raga ba tiyata ba, ko tiyata ba raga ba?

5. Ku a nan sau nawa kuke yin wannan aikin, kuma yaya sakamakonku?

6. In mun koma gida, wa zai ci gaba da duba shi?

Ku nemi ra'ayin likita na biyu, babu rashin kunya a ciki. Kuma ku sani rauni ba duka ne ba ya gyaruwa. Tsohon da aka bari da koko safe da dare dole ya rame. Ƙwai, kifi, wake, nono, ɗan tattaki kullum ko a tsakar gida ne, gyaran tabarau, haske a hanyar banɗaki, duk suna cikin magani. Sai dai su ba a ɗaukar hotonsu a tura wa dangi.

YADDA AKA ƘARE

Alhaji ya tashi ya tafi Alƙahira da kansa. Ya ce ya zauna a bakin gadon, ya yi wa mahaifinsa bayani tiryan-tiryan, da likita a gefe. Tsohon ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Dama na san akwai abin da kuke ɓoye min, tun da na ga kuna fita waje kuna waya." Ya tambayi likitan ko ragar za ta sa ya koma salla a tsaye. Aka ce a'a. Ya ce, "To a gyara min idon in ga Alƙur'anina, a ba ni ƙwayoyin, ku mayar da ni gida."

Haka aka yi. Yana gida yanzu.

Alhaji ya sake tambayata, "Malam, in kuma gobe abin ya faru fa?" Na ce yana iya faruwa, Alhaji, ba zan yi maka ƙarya ba. Da an sa ragar ma yana iya faruwa, wataƙila a kan gadon aikin. Ba a auna kyawun shawara da abin da ƙaddara ta zo da shi daga baya. Ana auna ta da abin da ka sani a ranar, da waɗanda ka tambaya, da niyyar da ka yi, da ko ka ba mai haƙƙi haƙƙinsa. Kun tambayi masana, kun yi istihara, kun ji ta bakinsa. Abin da ya rage ba a hannunku yake ba, kuma Shaiɗan ne yake buɗe ƙofar "da na sani" bayan an yi iyakar ƙoƙari.

Wanda iyayensa suke raye, yau in ka je gaishe su ka riƙe hannun ka ji damƙar. Ka dubi agogon. Ka tambaye su, tun suna iya ba ka amsa, me suke so in ciwo ya yi nauyi. Maganar tana da ɗaci, amma ta fi sauƙi a tsakar gida a kan a barandar asibiti.

Wannan nasiha ce, ba ta maye gurbin ganin likita. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan iyayenmu da suka rigaye mu, waɗanda suke raye Ya ba mu ikon kyautata musu yadda zai amfane su. Allah Ya sa ƙarshen rayuwarmu ya fi farkonta kyau.

Wallahu a'alam.